Ruwan da Ba Mu Aunawa: Tashar Yanayi Mai Aiki da Hasken Rana a Gonakin Funtuwa da Malumfashi

A kasuwar Ɗandume babu abin da ke barin hannun mai shi sai an auna. Masara da tiya, waken suya da buhu, auduga kuwa sai ta hau sikeli. Manomin wannan yanki ya san buhun kamfa nawa ya zuba, yuriya nawa ya ƙara, litar maganin ciyawa nawa ya fesa, da abin da ya biya 'yan ƙwadago tun daga sharar gona har casa. Abu guda ne ba ya shiga lissafinsa, alhali a kansa duk sauran suka dogara, wato ruwan sama. Tambaye shi ruwan daren jiya, zai ce an sha ruwa, ko ya ce yayyafi ne, ko ya ce ya kai na shuka. Nawa ne ya sauka? Nan magana ta ƙare.

A da wannan bai zama babbar matsala ba. Kakanninmu dawa da gero da auduga suka riƙe, irin na gida ne, taki na turke ne, kuma dawa tana da haƙurin jiran ruwa. Abubuwa sun soma juyawa daga 1975, lokacin da aka buɗe shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin ukun farko a Najeriya tare da na Gusau da na Gombe. Shirin ya yaɗa takin zamani da ingantaccen iri, sannu a hankali masara ta mamaye gonaki daga Bakori da Ɗanja har Ƙafur da Malumfashi. Masara ta kawo arziki, babu mai musun haka. Sai dai shuka ce mai son ruwa, tana buƙatar milimita 500 zuwa 800 kafin ta nuna, kuma idan ruwa ya ɗauke mata lokacin da take fitar da kai tana goyo, ko ya dawo daga baya ɓarnar ta riga ta auku. Ga iri na saye, ga taki da ya yi tashin gwauron zabo tun daga 2022. Wanda ya yi shuka a kan ruwan da bai isa ba, kuɗi ya binne a ƙasa.

Wannan ya sa nake ganin lokaci ya yi da za mu dubi wata sana'ar hannu da masu sha'awar haɗa kayan lantarki a ƙasashe da yawa suke yi a bayan gidajensu: haɗa ƙaramar tashar auna yanayi da ke cin wuta daga hasken rana. A wurinsu nishaɗi ne na ranakun hutu. A Funtuwa da Malumfashi kuwa, kayan aikin gona ne.

Ruwan Bakori ba na Funtuwa ba ne

Kowa a nan ya taɓa baro gari ana tsuga ruwa, ya yi tafiyar minti goma a kan babur ya tarar da ƙura. Masana sun auna wannan abin da idonmu ya saba gani. Daga 1990, masu bincike na Faransa da hukumar yanayi ta Nijar sun dasa ma'aunan ruwa kusan 100 a kewayen Yamai domin su ga yadda ruwa ke rarrabuwa. A daminar 1992 sun sami wurare biyu da tazararsu ba ta kai kilomita 10 ba, amma jimillar ruwan da suka samu ta bambanta da sama da milimita 200. Wannan gibi ya isa ya sa wani ya cika rumbu, maƙwabcinsa ya tashi da kara.

To ina ma'aunanmu suke? Tashoshin da aka sani da dogon tarihin rubuta yanayi a wannan sashe na ƙasa suna filayen jirgin sama ne da cibiyoyin bincike: Katsina, Kano, Zariya, da Samaru, inda aikin binciken noma ya faro tun 1922. Bayanan irin waɗannan tashoshi ne masana biyu, Kowal da Knabe, suka tattara suka fitar da taswirar yanayin noma ta jihohin Arewa a 1972, littafin da har yau ake komawa gare shi. Amma daga Funtuwa zuwa Samaru ya fi kilomita 50, zuwa birnin Katsina kuwa ya haura 160 ko a miƙe aka auna. Kuma ƙasar ba ɗaya ba ce: kudancin jihar Katsina yana samun kimanin milimita 1,000 a shekara, arewacinta kuwa bai cika wuce 600 zuwa 700 ba. Lissafin Katsina ba zai gaya wa manomin Sabuwa komai game da gonarsa ba.

Ba mu kaɗai ke cikin wannan hali ba. Hukumar Yanayi ta Duniya ta daɗe tana kokawa cewa nahiyar Afirka ce ta fi kowace ƙarancin tashoshi, abin da take da shi bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na mafi ƙarancin da ake buƙata ba. Hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, wadda aka kafa da doka a 2003, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranar da ake sa ran saukar ruwa da ranar ɗaukewarsa, har ana fassara shi da Hausa. Aiki ne mai amfani, ya kamata kowane manomi ya saurara. Amma hasashe na faɗin abin da ake tsammani ne a faɗin ƙaramar hukuma. Abin da ya sauka a gonarka, sai wanda ya kafa ma'auni a wurin.

Me ake nufi da milimita? Idan ruwa ya sauka a kan fili shimfiɗaɗɗe, bai gangara ba, ƙasa ba ta sha ba, zurfinsa shi ne abin da ake faɗi. Milimita 1 daidai yake da lita 1 a kan kowace murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta guda. A 1988 wani masani, M.V.K. Sivakumar, da ke aiki a cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai, ya fitar da ƙa'idar gane saukar damina ta gaskiya: a samu milimita 20 cikin kwana 3 a jere bayan 1 ga Mayu, kuma kada ruwa ya ɗauke fiye da kwana 7 cikin kwana 30 da ke biye. Don ƙasar gero ya tsara ta, kuma rabinta na biyu sai bayan an wuce ake saninsa. Amma rabin farko yana hannun duk mai ma'auni. Dattawanmu ma suna da nasu gwajin: a sa fartanya a tona, a ga iya inda lema ta kai. Gwaji ne mai kyau, kada a yar da shi. Abin da ba ya iyawa shi ne a rubuta shi a kwatanta da na bara da na bara waccan.

Abin da ke cikin akwatin

Duk wanda ya iya canja wa waya bakin caji, ko ya iya haɗa wa gida sola, ya mallaki fiye da rabin ilimin da aikin ke buƙata. Irin waɗannan samari kuwa suna cike da bakin kasuwannin Funtuwa da Malumfashi, da ƙarfen narka dalma a hannu daga safe har dare.

Ƙwaƙwalwar tashar wani ɗan allo ne da bai kai tsawon yatsa biyu ba. Wanda aka fi amfani da shi yanzu shi ne ESP32, na kamfanin Espressif da ke Shanghai, wanda ya fito a 2016. Ana rubuta masa umarni da manhajar Arduino, wadda aka ƙirƙiro a garin Ivrea na Italiya a 2005 domin ɗaliban da ba injiniyoyi ba, kuma kyauta ake sauke ta. Aikinsa bai da yawa: ya farka, ya tambayi na'urorin da ke jone da shi, ya rubuta amsa tare da lokaci, ya koma barci.

Na'urar zafi da laimar iska ita ce ta biyu. A nan masu farawa kan faɗa wa mafi arha, DHT11, kuma ita ce ba ta dace da mu ba, domin ba ta karanta laimar da ta gaza kashi 20 cikin 100, alhali a tsakiyar hunturu iskarmu takan bushe ƙasa da haka da rana. Gara BME280 ta kamfanin Bosch, wadda ke auna zafi da laima da nauyin iska a lokaci guda, ko SHT31. Sai dai kyawun na'ura ba ya hana ta ƙarya idan an ajiye ta inda bai kamata ba. A bar ta a rana, zafin jikinta za ta faɗa. A kulle ta a akwati ɗaya da batir da allon, zafin akwatin za ta faɗa. Abin da ake so shi ne zafin iskar da ke wucewa, a inuwa, a tsayin mita 1.25 zuwa 2 daga ƙasa. Thomas Stevenson, injiniyan Sukotland, shi ya tsara farin akwatin katako mai tagogi don wannan aiki a 1864. Mai haɗawa a gida zai iya samun kusan haka da farantan roba biyar ko shida: a shafe su da farin fenti, a kife su ɗaya bisa ɗaya da tazarar yatsa a tsakani, a huda tsakiyar na ƙasa a rataye na'urar a ciki. Iska ta shiga ta fita, rana da ruwa kuwa su tsaya a waje.

Sai ma'aunin ruwa, kuma a nan nake so mai karatu ya tsaya, domin shi ne dalilin dukan aikin. Fasalinsa ya tsufa, tun 1662 Christopher Wren ya tsara irinsa a Ingila. Mazurari ne a sama, ƙarƙashinsa ɗan kwano mai ɗaki biyu da ke lilo a kan ƙusa. Ɗaki ɗaya ya cika, nauyi ya rinjaye shi, ya tuntsure ya zubar, ɗayan ya zo ƙarƙashin mazurari. A jikin kwanon akwai ɗan maganaɗisu. Duk tuntsurawa ɗaya sai ya gilma ta gaban wani ɗan makunni na gilashi, makunnin ya rufe, allon ya ƙirga ɗaya. Waɗanda ake sayarwa a haɗe, da yawansu kowace tuntsurawa milimita 0.28 ce. Wanda zai ƙera nasa kuwa, lissafin ba wuya. A ce faɗin bakin mazurarin santimita 16 ne. Filin bakin ya kama murabba'in santimita 201, don haka milimita 1 na ruwan sama zai tara mililita 20 da ɗan ɗori. Idan kana so kowace tuntsurawa ta zama milimita 0.2, sai ka daidaita kwanon ya riƙa faɗuwa a kan mililita 4. Da sirinji na kemis ake gwadawa: a ɗiga ruwa a hankali, a ga inda ya faɗi, a murɗa ƙusar da ke tare shi sama ko ƙasa, a sake, har ɓangarorin biyu su zo daidai. Daga nan a zuba mililita 400 sannu-sannu, a ga ko allon ya ƙirga 100.

Akwai tarko biyu. Na farko, makunnin kan yi rawa idan ya rufe, allon ya ƙirga biyu ko uku a maimakon ɗaya. Maganinsa a cikin umarnin yake, a ce masa ya yi watsi da duk ƙirgen da ya biyo wani cikin ƙasa da rubu'in daƙiƙa. Na biyu ya fi shafar mu. Ruwanmu ba irin na Turai ba ne mai sauka a hankali yini guda. Hadari ne ke tasowa daga gabas da iska a gabansa, ya juye milimita 40 ko 50 cikin awa ɗaya. A irin wannan saukar, yayin da kwanon ke cikin tuntsurawa ruwa na ci gaba da zuba, wani ya wuce ba a ƙirga shi ba, sai jimillar ta gaza gaskiya. Saboda haka duk wanda ya kafa na lantarki, ya kafa na hannu kusa da shi. Mazurari mai faɗin santimita 16 a bakin jarka, da kofin awo mai lamba: abin da ya taru da mililita, a raba shi da 20, an sami milimita. A karanta shi kowace safiya a lokaci ɗaya. Idan da za a ce in zaɓi ɗaya tak cikin kayan nan duka, wannan jarkar zan ɗauka.

Wurin kafawa ma yana da ƙa'ida. Bakin mazurarin ya zauna daidai, ba karkace ba. Nisansa da bango ko bishiya ya kai aƙalla ninki biyu na tsayinsu, ninki huɗu ya fi. Ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida ba wuri ba ne, haka ma gefen indararo.

Ma'aunin iska zan taƙaita a kansa. Kofuna uku ne a kan sanda mai juyawa, da maganaɗisu da makunni irin na ma'aunin ruwa. A ƙa'ida a tsayin mita 10 ake auna iska, abin da ba kowa zai iya ba, kuma dogon ƙarfe a fili a tsakiyar damina gayyatar tsawa ne idan ba a ja masa waya zuwa ƙasa ba. Mai feshi zai amfana da sanin ƙarfin iska a tsayin shuka. Ban da shi, ana iya jinkirta wannan sashe zuwa shekara ta biyu. Abin da ya fi shi amfani ga mai noman rani a bakin madatsar Mairuwa shi ne 'yar na'urar DS18B20 da ake binnewa ta auna zafin ƙasa.

Wuta, zafi da ƙura

Rana ba ta yi mana rowa ba. Arewacin Najeriya na samun abin da ya kai awa 5 zuwa 6 na cikakken haske a kullum idan an daidaita shekara. Ƙaramin farantin sola mai bolt 6, wat 3 zuwa 5, ya ishi tashar har ya yi saura. Batirin da aka fi amfani da shi shi ne 18650, wanda ake samu a cikin tsohon batirin laftof da wasu fitilun caji, sai ɗan allon caji TP4056, a nemi mai kariya wanda ke yanke wuta kafin batir ya zuƙe.

Sirrin daɗewar batir barci ne. ESP32 idan yana aika saƙo yakan ja miliamfa 100 zuwa sama da 200, amma idan ya yi barci mai nauyi guntun kansa bai fi maikro'amfa kaɗan ba, abin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na wancan ba. Don haka a tsara shi ya farka duk minti 10, ya yi aikinsa cikin daƙiƙa kaɗan, ya koma. Ma'aunin ruwa kuwa a jona shi a ƙafar da ke iya tayar da allon daga barci, don kada tuntsurawa ɗaya ta wuce shi. Da haka batir ɗaya mai lafiya zai ratsa kwanakin marka na Agusta, lokacin da rana kan yi kwana biyu ko uku ba ta leƙo sosai ba.

Littattafan Turai za su ce a fuskantar da farantin kudu a karkace sosai. Mu muna kusa da digiri 11 da rabi ne arewa da tsakiyar duniya, kuma daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen 20 ga Agusta rana ta arewacinmu take bi da tsakar rana. Karkata kaɗan ta wadatar, digiri 10 zuwa 15 zuwa kudu, yadda ruwa zai gangara ya wanke shi.

Abokan gabar tashar a nan uku ne. Zafin bazara shi ne na farko: a Maris da Afrilu iska kan kusanci digiri 40, cikin rufaffen akwati a rana kuwa ya wuce haka nesa, alhali batirin litiyam ba a son a yi masa caji a sama da digiri 45. A sa akwatin a inuwar farantin, a yi masa farin fenti, a huda ƙasansa a toshe da raga. Mai hali ya sayi batirin LiFePO4 da allon cajin da ya dace da shi, ya fi jure zafi. Na biyu ƙurar hunturu, wadda ke rufe farantin ta kuma toshe mazurari. Tsumma da ruwa sau ɗaya a mako, da wanke ma'aunin ruwa tas a watan Afrilu kafin ruwan farko. Na uku 'yan ƙananan halittu. Zanzaro na son gina ɗakinsa a maƙogwaron mazurari, gizo-gizo na ɗaure kwanon da saƙarsa har ya kasa lilo, gara na cin turken katako, akuya na tauna waya. Turken ƙarfe, waya cikin bututun roba, raga a kowace kafa, da ɗan shinge.

Saura yadda bayanin zai iso hannu. Idan tashar a gida take, allon zai iya aika shi kai-tsaye zuwa waya. Idan a gona take, ana ƙara masa SIM800L, wanda ke ɗaukar layin waya ya turo saƙon tes sau ɗaya ko biyu a rana. Yana da halinsa: lokacin neman sabis yakan fizgi wuta har amfa 2 na ɗan ƙiftawa, idan waya siririya ce ko babu babban kafasita a kusa da shi sai ya mutu ya sake tashi. Amma kada a dogara da sabis kaɗai. Mutanen wannan yanki ba su manta watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar tsaro, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, aka shafe watanni a haka. Tashar da ba ta da katin memori da ɗan agogon DS3231 mai riƙe lokaci, da ta yi asarar ƙarshen daminar nan gaba ɗaya. Tsaron ma shi ne dalilin da zai sa a fara kafawa a gida, ko makaranta, ko gonar bakin gari, inda ido ke kai.

Farantin sola, waya, batir, fenti da bututu duk akwai su a kasuwanninmu. Allon da na'urorin awo ne sai an yi odarsu ta intanet ko an aiko daga manyan birane. Farashi na bin dala, amma jimillar ba ta wuce kuɗin matsakaiciyar wayar hannu ba.

Abin da tashar ba za ta yi ba

Ba za ta gaya maka gobe za a yi ruwa ba. Wannan sai an faɗe shi a fili, domin duk wanda ya sayar wa manomi akwatin nan da sunan mai faɗin gobe ya cuce shi, ya kuma ɓata wa na bayansa hanya. A Turai faɗuwar nauyin iska alama ce ta hadari na tafe. A ƙasashenmu masu zafi nauyin iska yana hawa da sauka ne sau biyu a kowace rana, ya kai ƙololuwa wajen ƙarfe 10 na safe da 10 na dare, ya sauka wajen 4 na yamma da 4 na asuba, ko da hadari ko babu. Kada kuma mai tashar ya tsorata idan ya ga lambarsa wajen 930 maimakon 1,013 da ke cikin littafi: Funtuwa tana kan tudu ne, kimanin mita 700 sama da teku. Hasashe da gargaɗin ambaliya aikin NiMet ne, mai aiki da bayanan tauraron ɗan'adam da manyan kwamfutoci.

Abin da tashar za ta nuna shi ne juyawar iska. A ƙarshen bazara, busasshiyar iskar arewa maso gabas na ja da baya, mai laima daga teku na shigowa ta kudu maso yamma. Za ka ga laimar safiya na hawa mako bayan mako, daidai lokacin da shamuwa ke dawowa kan bishiyoyin gari, gawo kuma na kakkaɓe ganyensa. Alamomin dattawa da lambobin na'ura abu ɗaya suke kallo.

Wasu za su ce ruwa na Allah ne. Haka yake, kuma ba wanda ya ce ma'auni zai ƙara ɗigo ɗaya. Hatsi ma na Allah ne, amma sai an auna shi ake sanin zakkarsa. Auna abin da ya riga ya sauka ba shiga gaibu ba ne.

Amfaninsa a gona kuwa a bayyane yake. Ruwan ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu ya sauka, gari ya ruɗe, kowa ya ɗauki iri. Mai ma'auni ya duba ya ga milimita 9 ne, ya dakata, ko ya shuka kaɗan ya riƙe sauran. Lokacin zuba yuriya, ya san idan ƙasa a bushe take takin zai bi iska, idan kuma ta riga ta ƙoshi ruwan gaba zai tafi da shi. Idan ruwa ya ɗauke, ya san yau kwana nawa ke nan ba tare da gardama ba. Bayan shekara uku ko biyar yana riƙe da littafi, zai soma ganin tsawon daminar gonarsa da kansa, ya san ko irin masara na SAMMAZ mai nuna cikin kwana 90 ne ya dace da shi ko mai kaiwa 120. Mai auduga zai san ranar da ruwa ya saba ɗaukewa, mai shanya masara zai san lokacin da laima ta sauka yadda hatsi ba zai yi fumfuna a buhu ba.

Wa zai riƙe littafin

Ma'auni ɗaya na amfanin gona ɗaya. Ashirin da ke magana da juna na amfanin ƙasa guda. A Mali, tun 1982 hukumar yanayi ta soma raba wa manoma ma'aunin ruwa na hannu, suna karantawa suna aikawa, ana mayar musu da shawarar lokacin shuka ta rediyo. A Amurka, bayan ambaliyar Fort Collins ta 1997, aka kafa ƙungiyar 'yan sa-kai ta CoCoRaHS a 1998, yau dubban mutane ne ke karanta ma'auni a bayan gida kowace safiya, hukumomi na aiki da lambobinsu. Shirin TAHMO, wanda malaman jami'ar Delft ta Holan da ta Jihar Oregon suka assasa, burinsa tashoshi 20,000 a Afirka, ɗaya a kowane kilomita 30, masu aiki da hasken rana, kuma akasarinsu a makarantu ake kafa su, domin a nan akwai shinge, akwai malami, akwai yaran da za su koyi lissafi da ruwan garinsu.

Wannan darasi na makaranta shi ya fi dacewa da mu. Haɗa akwatin aikin mako biyu ne. Wahalar tana cikin shekara ta biyu da ta uku, lokacin da ɗoki ya wuce, farantin ya yi ƙura, wanda ya haɗa ya tafi Kaduna neman aiki. Bayanin wata shida da giɓi a tsakiya ba ya amfanar kowa. Don haka tun ranar kafawa a san mutum ɗaya da alhakin ke wuyansa, da mataimakinsa, da littafi mai bango mai ƙarfi wanda ake rubuta ruwan kowace rana da biro, har ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta sifiri.

Kirana ga shugabannin makarantun sakandare na Funtuwa, Bakori, Ɗanja, Ƙafur da Malumfashi, da ƙungiyoyin manoman masara da auduga, da malaman gona na hukumar bunƙasa noma ta jiha, wato KTARDA: ku nemo samarin nan masu gyaran waya da haɗa sola, ku saya musu kayan tasha ɗaya a kowace gunduma, ku kai su Samaru su gwada abin da suka haɗa da ma'aunin cibiyar, ku sanar da NiMet inda kuka kafa. Wanda bai da kuɗin allo da batir, ya fara da mazurari da jarka da littafi. A yi wannan cikin rani, domin ma'aunin ya kasance a tsaye kafin ruwan farko na watan Afrilu.